Taba gari a ƙasar Kanambakashe: tarihin batta, kanwa da ƙa'idojin tsofaffi

Gabatarwa

Kanambakashe gari ne na gundumar Mayahi cikin jihar Maradi, yana tsakanin Mayahi da Tasawa, a yankin Gulbin Kaba mai yawan goriba. Ƙasa ce ta gero da wake da gujiya, ta masu saƙar tabarma da tufkar igiyar kaba. Taba ba ta cikin manyan amfanin gonarta, amma ta daɗe cikin aljihun tsofaffinta da ƙullin zanen tsofaffin matanta. Har yanzu wanda ya ratsa kasuwannin wannan yanki zai iske mai taba zaune da ganye a tabarma, da gari a ƙwarya ko a kwalba, da ɓarɓashin kanwa a gefe.

Hausa tana da aikatau uku game da taba, kamar yadda Faransanci yake da uku. Ana shan taba, wato hayaƙinta, abin da Faransawa ke kira fumer. Ana cin taba, wato a dasa ta tsakanin leɓe da dasashi, shi ne chiquer. Ana kuma shaƙar taba ta hanci, shi ne priser. Garin da ake ci ko ake shaƙa shi ake kira taba gari ko garin taba. A kansa wannan rubutu zai tsaya: inda ya fito, yadda kakanninmu suka koyi sarrafa shi da ajiye shi, abin da suke gaya wa sabon shiga, da abin da ya rage na wannan sani yanzu da likitanci ya bayyana illarsa. Dalilin ɗauko maganar shi ne, taba ta rage a hannun jama'a, har ta kai hannun ƴan makaranta, alhali ƙa'idojin da suka daɗe suna yi mata linzami suna tafiya tare da masu su.

Baƙuwa daga hayin teku

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka taba tsiron ƙasar Hausa ce tun fil azal, kamar gero ko kuka. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Asalinta nahiyar Amurka ne, inda mutanen ƙasar suka daɗe suna shan ta, suna cin ta, suna shaƙar ta a wajen bukukuwa da neman magani. Turawa ba su san ta ba sai bayan tafiyar Kolombus ta 1492. Daga nan jiragen ruwan Sifaniya da na Fotugal suka watsa irinta a duniya, har gaɓar tekun Afirka ta Yamma.

A 1560 jakadan Faransa a Lisbon, Jean Nicot, ya aika da taba zuwa fadar ƙasarsa a matsayin magani. Ana ba da labarin cewa uwar sarki, Catherine de Médicis, ta karɓi garinta don maganin ciwon kai, daga nan shaƙar taba ta zama adon manyan fada. Sunan wannan jakada ne masana tsirrai suka liƙa wa tsiron, Nicotiana, kuma daga gare shi aka samo kalmar nikotin, sinadarin da wasu masana biyu suka fara tace shi a Jamus a 1828. Sarakunan Turai da na Gabas sun yi ta kai-kawo a kanta. Sarkin Ingila Jems na ɗaya ya rubuta suka a kanta a 1604. Sarkin Musulmin Istambul Murad na huɗu ya haramta ta a 1633, da hukunci mai tsanani. Faransa kuwa ta ga riba, ta mayar da cinikinta na gwamnati kaɗai a 1674.

A ƙasashen Sudan, wato ƙasashenmu na kudancin Sahara, taba ta riga ta zauna kafin ƙarni na 16 ya ƙare. Marubutan tarihin Maroko sun faɗi cewa bayan rundunar Sarki Ahmad al-Mansur ta ci Songhai a 1591, an kai masa giwa daga ƙasar baƙar fata, kuma a wurin masu jan giwar ne mutanen Maroko suka ga shan taba. Ke nan ta kudu ta hau arewa. Masu tonon kufai ma sun mayar da tukunyar taba ma'auni: in suka tono lofe a wani kufai na Afirka ta Yamma, sukan ɗauka wurin bai wuce wajejen shekarar 1600 a tsufa ba. Sunanta kansa shaida ne, domin "taba" da Bahaushe da Bazabarme ke faɗi ƴar uwar tabaco ce ta Sifaniyanci da tabac ta Faransanci. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Wannan baƙuwa dai hantsi ya yi, rana ta take, ba ta bushe ba, ga shi ta haura shekara 400.

Gardamar malamai

Da yake abu ne sabo wanda littattafan farko ba su ambata ba, malamai sun rabu a kan hukuncinsa. Shehun malamin nan na Tumbutu, Ahmad Baba, wanda aka kai Marakish a kame a 1594, ya yi fatawa a 1607 yana kan hanyarsa ta komowa gida. A ganinsa taba ba ta cikin abubuwan da ke gusar da hankali kamar giya, don haka bai haramta ta ba. A ƙarshen wannan ƙarni kuma wani malami Bafillace na ƙasar Bagarmi, Muhammad al-Wali ɗan Sulaiman, ya wallafa hujjojinsa na haramci. A ƙarni na 19 daular Hamdallahi ta Masina, wadda Shehu Amadu ya kafa, ta hana taba a ƙasarta har da Tumbutu, cinikinta ya koma na ɓoye. Ɗariƙar Tijjaniyya, wadda ke da mabiya masu yawa a jihohin Maradi da Damagaram, ita ma tana hana mabiyanta taba.

Wannan saɓani ya bar alama a ɗabi'ar mutanen karkararmu. Taba ba ta taɓa samun martabar goro ba. Goro ake rabawa a ɗaurin aure da zanen suna, shi ake kai wa sarki da malami gaisuwa. Taba kuwa abar tsakanin aminai ce da tsararraki, mai ita yakan kurkure baki ya share hanci kafin ya doshi masallaci, kuma ba ya buɗe batta a zauren malam. An yarda da ita, amma a bakin ƙofa aka ajiye ta.

Abin da matafiya suka gani

Shaida mafi bayani a kan yadda Hausawa ke amfani da taba shekara 200 da suka wuce ta fito daga Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a watan Janairu na 1824. Ya lura da abubuwa huɗu. Maza na shan hayaƙi, mata ba sa sha. Maza da mata duka suna cin garin taba gauraye da kanwa, saɓanin Barno inda ba a yardar wa mata ba. Ana rina haƙora da leɓe da furen taba. Na huɗu, wanda ya fi shafar maganarmu, shi ne ba kasafai ake shaƙar garin ta hanci ba kamar yadda Turawan zamaninsa ke yi. Wannan ya nuna mana cewa a ƙasar Hausa baki ya riga hanci. Garin ɗaya ne, turmin ɗaya ne, amma shaƙa ita ce ƙaramar hanya, ci shi ne babba, kuma a Nijar har yau cin taba da kanwa sananne ne ga Hausawa da Buzaye.

Shekara 27 bayan haka Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya gangaro daga Abzin tare da ayarin gishiri, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851. A lokacin Tasawa na ƙarƙashin sarakunan Katsina da suka kafa Maradi bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu a 1807. Daga Tasawa ya bi ta Gazawa zuwa Katsina, kuma tsakanin Katsina da Kano ya ratsa gonakin taba tana fure. Da ya komo Katsina a 1853 yana shirin tafiya Sakkwato da Tumbutu, ya ambaci darajar da tabar Katsina ke da ita har can yamma mai nisa.

In aka dubi taswira za a ga abin da wannan ke nufi ga yankinmu. Ƙasar Tasawa da Kanambakashe tana tsakanin masu noman taba na kudu da masu sayenta na arewa. Ayarin Abzinawa na kawo gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da tufafi da taba. Daga gabas kuma, ta hanyar Damagaram, kanwar Muniyo da Manga da ta bakin tafkin Cadi ke shigowa bisa jakuna da takarkarai. Abubuwa biyu da ake buƙata don yin taba gari, wato ganye da kanwa, a kasuwannin wannan tsakiya suke gamuwa.

Daga fadama zuwa turmi

Taba tsiro ce mai son ƙasa mai danshi da hannu mai haƙuri. Irinta ƙanana ne ƙwarai, sun fi na gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don haka sai an yafa su a fangali, su tsiro, sannan a dasa. A jiharmu fadamun Gulbin Maradi ne suka yi suna da ita, inda ake dasa ta bayan ruwa ya janye, a yi ta ban ruwa cikin rani. Manomi kan tsinke kan tsiron don ƙarfinsa ya koma ga ganye, furen da aka tsinka kuma shi ne mata ke saye don haƙora. In ganye ya ƙosa sai a yanke, a shanya, a jibge shi a rufe ya yi gumi har launinsa ya koma ja-ja, ƙamshinsa ya fito. Daga nan a ɗaure shi, ya shiga kasuwa.

Mai yin gari yakan zare jijiyar ganyen, ya ƙara busar da shi, ya daka a ƙaramin turmi ko ya niƙa a dutse, ya tankaɗe. Na shaƙa ya fi na ci laushi, don haka yakan sha tankaɗe fiye da sau ɗaya. Sai a kawo kanwa a daka, a zuba kaɗan, a gauraya. Inda kanwa ta yi wuya, toka kan maye gurbinta. Kanwa iri-iri ce, akwai fara, akwai ja, akwai ungurnu mai tauri da ke fitowa daga yankin tafkin Cadi, wadda masu taba suka daɗe suna fifitawa. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya yi nazarin cinikin gishiri da kanwa a Sudan ta Tsakiya, ya nuna cewa taba na cikin manyan abubuwan da suka riƙe kasuwar kanwa.

Tsofaffi kan ce kanwa ita ke tayar da taba. Ilimin kimiyya ya tabbatar da maganarsu ta hanyarsa. Nikotin da ke cikin ganye a ɗaure yake, ba ya ratsa fatar cikin hanci ko ta baki da sauƙi. Kanwa da toka suna kashe tsamin ganyen, su saki nikotin, ya shiga jini cikin ƴan mintoci ya kai ƙwaƙwalwa. Ashe abin da ake yabo a taba mai kyau, wato kaifinta, shi ne ainihin abin da ke ɗaure mai ita. Kakanninmu ba su san sunan sinadarin ba, amma sun san aikinsa, shi ya sa suka ce taba ta bambanta da garin gero. A ido duka gari ne, amma ɗaya ne kaɗai ke ƙosarwa.

Batta da ilimin ajiya

Taba gari tana da abokan gaba uku a ƙasarmu: hunturu, damina da wari. Iskar hunturu tana tsotse ɗan danshin da ke cikinta, ta koma ƙura marar ƙamshi, wadda in an shaƙa take zarcewa maƙogwaro ta sa tari. Laimar damina kuwa tana sa ta dunƙule ta yi fumfuna. Sannan gari ne mai ɗaukar warin duk abin da ya kusanta, ko kananzir, ko daddawa, ko turare. Duk dabarun ajiyar da aka gada amsa ce ga waɗannan uku.

Babbar amsa ita ce batta. Ana yin ta da fata ɗanya wadda aka kankare gashinta aka jiƙa har ta yi laushi. Mai sana'ar yakan gina siffar da yake so da yumɓu, ya lulluɓe ta da fatar, ya bar ta ta bushe, sannan ya farfasa yumɓun ya zazzage shi. Abin da ya rage ƙoƙo ne marar nauyi, marar ɗinki, mai murfi da ke kama baki tsam. Haka ake yin tandun mai da na kwalli. Battocin Agadas sun yi suna wajen ado, domin ana zana su da zaren kakin zuma kafin a tsoma su a rini, inda kakin ya rufe ya fito fari. Wanda ba shi da batta yakan yi amfani da ƙaramin ƙaho mai toshiya ko ɗan gora. Daga baya gwangwanaye da ƙananan kwalaben magani na kantin Turawa suka shigo. Ba mu kaɗai muka ƙawata mazubin taba ba: Faransawan ƙarni na 18 sun yi tabatière ta zinariya, Sinawa sun yi ƴan kwalabe na dutse mai daraja. Tamu ta fata ce da yumɓu, abin da ƙasa ta ba mu.

Ƙa'idojin ajiya kaɗan ne, kuma kowace tana da dalili. Ana ajiye babban guzuri a ganye, domin ganye ya fi gari jimiri. Ana daka abin da zai kai mutum daga kasuwa zuwa kasuwa kawai, kimanin kwana bakwai. Ganyen yana zama cikin tukunya ko ƙwarya a rufe, a ɗaki mai inuwa, nesa da murhu, nesa da randar ruwa. Ba a sa jiƙaƙƙen yatsa a batta. Ba a zuba sabon gari a kan tsoho. Garin da ya canza wari ko ya yi fari-fari a sama zubarwa ake yi. Batta kuma ba ta kwana inda hannun yaro ke kaiwa, ko dai tana aljihun mai ita, ko tana rataye a sama. Wannan ta ƙarshe ta fi sauran nauyi, domin abin da babba ke shaƙa ya yi atishawa, in ƙaramin yaro ya haɗiye shi yana iya sa shi amai da suma, har ya kai ga halaka.

Abin da ake gaya wa sabon shiga

Ba a koyar da shaƙar taba kamar yadda ake koyar da noma ko saƙa. Uba ba ya kiran ɗansa ya miƙa masa batta. Yawanci mutum kan fara ta ne ya riga ya manyanta, a wurin tsararsa, kuma sau da yawa da sunan magani: mura ta toshe hanci, ko haƙori na ciwo, ko barci na damun mai tsaron gona ko mai tafiyar dare. Wanda ya ba shi kuwa yakan haɗa masa da gargaɗi.

Gargaɗin farko na yawa ne: abin da babban yatsa da manuni suka ɗauko, a kakkaɓe rabinsa. Na biyu na ƙarfin ja ne: a shaƙa a hankali kamar mai sansanar fure, garin ya tsaya a bakin hanci, domin wanda ya ja da ƙarfi zai ji shi a maƙogwaro da idanu. Na uku, a zauna kafin a shaƙa, kuma kada a yi da yunwa, saboda jiri da tashin zuciya da zufa da ke kama wanda jikinsa bai saba ba. Na huɗu, kada a yi a bakin rijiya ko bisa raƙumi ko kusa da wuta. Na biyar na tsabta ne: a riƙe ƙyalle na fyace hanci, a juya wa mutane baya, a wanke hannu kafin a taɓa abinci. Atishawar farko kuwa abin dariya ce ga kowa, da ita ake gane baƙon taba.

Bayan waɗannan akwai ƙa'idojin kunya, waɗanda su ne ainihin linzamin. Saurayi ba ya shaƙa gaban mahaifinsa ko surukinsa ko yayansa. Budurwa da amarya ba su da hurumi a ciki, sai macen da ta ga jikoki. Yaro aikensa kawai ake yi. Tsohuwa takan kira jikanta ta ce, "Zo nan, maigidana, karɓi dala biyar ka sayo mini taba wurin mai rumfar bakin kuka, ka ce a sa kanwa kaɗan." Shi kuma ya ce, "Kaka, ladan aike fa?" Ta ce, "Ladanka ƙuli-ƙuli. In ka buɗe ƙullin nan hancinka zai tona ka." Cikin wannan wasa na jika da kaka an gaya wa yaro iyakarsa ba tare da an daka masa tsawa ba. Kuma duk tsohon da aka tambaya tsakani da Allah, ƙarshen nasiharsa ga mai son farawa ɗaya ce: in ba ka fara ba, kada ka fara, domin sabo turken wawa ne. Mai batta ya fi kowa sanin yadda ransa ke ɓaci ranar da ta wayi gari babu kome ciki.

Zuwan sigari da leda

Mulkin mallaka ya shigo wannan yanki da wuta. A watan Yuli na 1899 ne rundunar Voulet da Chanoine ta kawo ƙarshen ɓarnarta a ƙasar Tasawa, inda aka kashe shugabannin biyu a wajen Maijirgi. Bayan kafuwar mulkin Faransa sai noman gujiya na sayarwa ya bunƙasa, kantunan Turawa suka buɗe, kuɗi suka shiga hannun samari. Sojojin da suka komo daga yaƙin 1914 zuwa 1918 da na 1939 zuwa 1945 sun komo da sigari a baki. A Najeriya an kafa masana'antar sigari a Zariya a 1959. A shekarun 1970 kuma, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya nuna cikin nazarinsa a kan alhazan Maradi, sigarin waje da ke shigowa ta tashar Kwatano ya bi ta Maradi ya tsallaka Najeriya ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin arzikin birnin.

Sigari ya juya tsarin da aka gada. Taba gari ta tsofaffi ce, sigari na samari ne. Ita sai an daka, an tankaɗe, an nemi batta, shi kuwa kara ɗaya ake saye a tebur a kunna nan take. Ita tana da wanda ake jin kunya, shi kuwa alamar wayewa aka ɗauke shi. Sannan leda ta zo ta kashe kasuwar batta. Yau garin taba a ƙulle yake cikin ƴar leda ko ƴar kwalbar roba, mai saye bai san ganyen da aka daka ba, bai san abin da aka gauraya ba, bai san tsawon kwanakin da ya yi cikin rana ba. Da mai dakawa maƙwabci ne da ake iya komawa a yi wa ƙorafi. Yanzu ƙullin ba shi da uba. Dalibi na iya ɓoye shi cikin aljihun wando, ba hayaƙi, ba toka, malami na gaban allo bai sani ba.

Abin da likitanci ya gano

Zargin taba gari ba sabo ba ne. Tun a 1761 wani likitan London, John Hill, ya yi kashedi a kan yawan shaƙarta bayan ya ga ƙari a hancin wasu masu yin ta. Binciken zamani ya ƙarfafa zargin. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ta sa tabar da ba a kunnawa cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, musamman na baki da maƙoshi da na gaɓar ciki da likitoci ke kira pankiriyas. Nikotin yana sa zuciya bugawa da sauri, yana ɗaga hawan jini, yana cutar da ɗan tayi in mai ciki na amfani da shi. Yawan shaƙa na sa kumburin cikin hanci da toshewarsa, wato ciwon da aka fara ta don a magance shi. Rashin hayaƙi ya raba ta da wasu cututtukan huhu na sigari, amma bai wanke ta ba.

Akwai wani abu da ya kamata masu sha'awar tarihi su lura da shi. Sinadaran da ke kawo ciwon daji a taba suna ƙaruwa in an ajiye ta cikin zafi da danshi na tsawon lokaci. Ke nan tsohon da ke daka ta kwana bakwai ya ajiye a inuwa ya fi mai ledar da ta yi wata a rana dabara, ko da yake dabararsa rage illa take yi, ba ta kawar da ita.

Ta fuskar doka, ƙasashen duniya sun amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2003, ta fara aiki a watan Fabrairu na 2005. Nijar ta tabbatar da ita a wannan shekara, sannan ta kafa dokarta mai lamba 2006-12 ta ranar 15 ga Mayu 2006, wadda ta hana tallar taba da shan ta a wuraren taruwar jama'a. Sai dai ƙullin gari ba shi da kwali balle a rubuta masa gargaɗi, kuma ba ya hayaƙin da zai tona mai shi.

Kammalawa

Tarihin taba gari a ƙasar Kanambakashe tarihi ne na yadda al'umma ta karɓi baƙon abu mai haɗari, ta kewaye shi da shinge: shingen shekaru, na kunya, na awo da na ajiya. Shingen bai hana cuta ba, amma ya tsare yara. Yau shingen ya faɗi, tabar na nan. Ba za a ce a mayar da matasa ga batta ba, kuma ba daidai ba ne a bar abin da ke tattare da ita ya ɓace ba a rubuta ba.

Aikin da ke gaban ƙungiyoyin al'adu a fili yake. A nemi battoci da ƙahoni da lofe da ƙananan turame da ke gidaje kafin gara ta gama da su, a rubuta sunan garin da kowane ya fito da wanda ya yi shi. A zauna da tsofaffin da suka rage a Kanambakashe da Mayahi da Tasawa, a ɗauki maganarsu a kan ire-iren ganye da kanwa, da hanyoyin fatake, da kalmomin sana'ar. Mu malaman makaranta kuma muna da darasi a shirye: malamin tarihi ya bi hanyar taba daga Amurka zuwa Tumbutu da Katsina, malamin kimiyya ya nuna aikin kanwa a kan nikotin, malamin Hausa da Faransanci ya jera sha da ci da shaƙa kusa da takwarorinsu. Ranar 31 ga Mayu ta kowace shekara, ranar yaƙi da taba ta duniya, dama ce ta gayyato wani dattijo aji ya zo da battarsa, ya gaya wa jikokinsa da bakinsa shekarar da ya fara, da sau nawa ya yi niyyar bari. Dalibi zai fi jin wannan daga bakin kakansa fiye da daga allo.